Ƙunshin Mama Lucia

Ƙafafun akwatin gilashin da ake jera burodi a ciki, kowace tana tsaye a cikin gwangwanin madara da aka cika da ruwa, don kada kiyashi ya hau. Shi ne abin da na fara gani a gidan burodin Mama Lucia, domin ranar kaina a sunkuye yake. Wani kiyashi ya iso gindin gwangwanin, ya tsaya, ya zagaya, ya koma inda ya fito. Ina ta kallonsa har saurayina Kevin ya gama faɗa wa mahaifiyarsa unguwarmu da makarantar da nake koyarwa.

"Jemimah ke nan, Mama. Wadda na gaya miki."

Na durƙusa na gaishe ta. Daga nan ƙasa ƙafafunta kawai nake gani, 'yan ƙanana cikin silifas, yatsun duk garin fulawa.

Mama Lucia mutuniyar ƙasar Filifin ce. Mahaifin Kevin, marigayi Dakta Shekari, ya je can karatun aikin gona, ya dawo da digiri da mata. Ya rasu Kevin yana sakandare. Da suka bar gidan jami'a ba ta koma ƙasarsu ba, sai ta kama gida a bayan kasuwar Samaru a Zariya, ta mayar da shagon gaba wurin gasa burodi. Babu allon suna a ƙofar. Ɗalibai suna cewa wajen Mama, 'yan acaɓa suna cewa wajen 'yar Caina, ita kuma ta daɗe da gajiya da gyara musu.

Hausarta ta kasuwa ce, tana jan ƙarshen magana kamar mai rera waƙa. Duk wanda ya zauna a bencinta ya ci wani abu, "anak" take ce masa. Kevin ya ce a yarensu ɗana ke nan, ko 'yata. Na ji ta faɗa wa wani ƙaton soja daga Basawa, ya amsa yana murmushi, bakinsa cike.

Ranar ta shigar da mu ɗakin ciki, inda akwai tebur da kujeru da hoton Dakta Shekari a bango. Ta kawo wani ɗan burodi mai zafi da aka birkiɗa cikin garin busasshen burodi, ta ce sunansa pandesal. Ta kawo faten shinkafa da kaza, ƙanshin citta yana tashi daga kwanon. Ta tura gabana.

"Ki ci."

"Na gode, Mama. A ƙoshe nake."

Cikina kuwa kuka yake yi tun da bas ɗinmu ya wuce Kwangila.

Mu asalinmu 'yan Wusasa ne, ko da yake a Unguwar Gabas na tashi, a hannun Goggo Tabitha, yayar babana. Goggo ta zauna da uwar mijinta gida ɗaya har tsohuwar ta rasu, ba ta taɓa kai loma baki a gabanta ba. Da safen nan ina ɗaura ɗankwali ta tsaya a bakin ƙofa ta ce, "Ko ruwa kada ki kurɓa a gaban matar nan. Kada a ce 'yar gidanmu ta je gidan surukai tana tauna kamar akuya. Digirinki na makaranta ne, ba na gidan mutane ba."

Ko da Goggo ba ta faɗa ba, maƙogwarona ya riga ya san dokar.

Mama Lucia ta dube ni, ta dubi abincin. Da za mu tafi ta naɗe burodin cikin takarda mai ruwan ƙasa ta miƙo mini. "Ga shi, Malama Jemimah."

A cikin bas ɗin Sabon Gari ɗumin ƙunshin yana ratsa cinyata. Ban iya kai shi gida ba, don Goggo za ta raba wa yaran maƙwabta ta kuma yi ta tambaya. Sai na sauka a PZ, na nufi shagon Anti Oby mai sayar da fulawa da sukari da yis. 'Yar ƙabilar Ibo ce haihuwar Sabon Gari, Hausa a bakinta kamar ta fi tawa, kuma tun ina 'yar firamare nake fake wa ruwa a shagonta. A bayan shagon akwai benci tsakanin buhunan fulawa da katanga. Nan na zauna na buɗe.

Ɓawon yana da ɗan ƙarfi, cikin kuwa kamar auduga, da ɗan zaƙi da ɗan gishiri. Ban san lokacin da na rufe ido ba. Na ga wani layi da ban taɓa gani ba, da asuba, mutane suna tsaye a gaban wata taga mai haske, kowa da takardarsa a hannu, zakaru suna cara, ƙasa a jiƙe. Da na buɗe ido sai ga Anti Oby tana kallona da hannu a ƙugu.

"Ke kuma wa ya biyo ki? Wannan ai burodin Madam Lucia ne, fulawata ce a ciki. Don me kike cinsa a ɓoye kamar kin sato?"

Na gaya mata. Ta yi dariya har ta dafa buhu. "Hausawa da kunya. Wata rana yunwa za ta kashe ku a gidan biki."

Daga nan kowace Asabar sai na je Samaru. Nakan taya Mama Lucia naɗe burodi, in share gaban shago, in ƙara ruwa a gwangwanayen nan. Da hantsi, idan masu saye sun ragu, sai ta kira mu ciki, ta ajiye abin da ta yi na ranar, ta ba da labarinsa. Domin kafin su taho Najeriya, ita da Dakta Shekari sun zagaya ƙananan garuruwan ƙasarsu suna yi wa dangi sallama, wani wuri a mota, wani wuri a jirgin ruwa. Ta ce kowane gari yana da fili a tsakiya, da coci a gefe ɗaya, da gidan burodi a kusurwa, kuma kowane gidan burodi yana da abin da babu shi a garin gaba.

"Shi kuwa babu abin da ba ya ci," ta ce, tana nuna hoton da haɓarta. "Dogon baƙin mutum ya shigo shago, kowa ya yi shiru. Sai ya nuna wannan, ya nuna wancan, ya zauna ya cinye, ya suɗe yatsa. Kafin mu fita tsofaffi suna shafa masa baya. Babana da farko ya ƙi shi. Da ya ga yadda yake cin abincin mamata, sai ya ce, mutumin da yake ci haka ba ya ɓoye komai a ciki. Ki tafi da shi."

Ta tura farantin gabana. Na sunkuyar da kai.

Wata Asabar ta yi piaya, wata 'yar gurasa mai faɗi da riɗi a sama, cikinta narkakkiyar mazarƙwaila. Ta ce ta garin Silay ce, inda gonakin rake suke miƙewa har bakin teku. Ta yi shekaru a Zariya tana kewar baƙin sukarin can, sai wata rana a kasuwar Samaru ta ga wani ɗan Makarfi da mazarƙwaila a faifai, ta ɗanɗana, ta tsaya a tsakiyar kasuwa tana hawaye, mai kayan yana ba ta haƙuri bai san laifinsa ba. Wata Asabar ta yi burodi mai cike da kwakwa, na wani garin masunta inda jirginsu ya lalace suka kwana a kan benci. Wata kuma ta yi ensaymada, mai naɗi kamar gammo, da bota da sukari a kai.

Duk a bayan shagon Anti Oby na ci su. Ranar Litinin, idan na shiga ofishin malamai, sai in ɗauko littafin taswira, domin labarin ƙasa nake koyarwa, in nemi garin da yatsa. Wasu suna nan, ɗigo ƙarami a bakin shuɗi. Wasu taswirar ba ta san da su ba. Ban taɓa ganin teku ba, ruwan da na sani mafi girma shi ne dam ɗin jami'a. Amma a watannin daminar nan, idan bas ya hau gadar Kwangila ruwa yana dukan gilashi, sai in ga kamar a jirgi nake, rufin gidajen Hanwa tsibirai ne, kuma idan kwandasta ya buga ƙofa za mu sauka a wani fili mai coci da gidan burodi a kusurwa.

Akwai wani abu da na lura tana yi. Wata rana suna cikin ci wayar Kevin ta yi ƙara, ana nemansa a wurin aiki. Ya tashi da loma a baki ya ɗauki makullin babur. Kafin ya kai ƙofa Mama Lucia ta sa hannu a gefen farantinta ta juya shi a kan tebur, zagaye guda, sannan ta ci gaba da ci.

Ta ga ina kallo. "Haka muke yi. Idan mutum ya tashi ya fita ana cikin ci, waɗanda suke ci sai su juya farantinsu, don ya je lafiya ya dawo lafiya." Ta dubi nawa farantin da ban taɓa ba. "Masu ci ne kawai suke juyawa."

A ƙarshen watan Agusta Kevin ya raka ni tasha, amma bai tsaya a tashar ba, muka wuce muka bi gefen katangar jami'a a ƙarƙashin itatuwa. Da ma an shirya ƙanin babansa, Baba Sati, zai zo daga Zonkwa ya kai gaisuwa gidanmu kafin kaka. Goggo har ta sa an yi wa zaure fenti.

"Mama ta ce kada Baba Sati ya zo tukuna," ya ce.

Na tsaya.

"Ta ce ba za ta aika a nemo mini wadda take ƙyamar hannunta ba."

"Ƙyama?"

"Na gaya mata kunya ce. Na gaya mata haka ake yi a gidanku. Ta ce ta san kunya, ta ga amare suna rufe fuska, amma ba ta taɓa ganin kunyar da take wata uku ba ta jin yunwa ba." Ya tsinki ganye yana murzawa. "Akwai abin da ba ki sani ba. Lokacin da ta zo ƙasar nan, babana ya kai ta ƙauye, ta kwana biyu tana yi wa dangi irin abincinsu. Kowa ya karɓa da hannu biyu, ya yi godiya, ya ce zai ci a ɗaki. Da yamma ta zagaya bayan gida ta tarar kaji suna tsattsaga shi. Ashe an ce mutanen can kwaɗi suke sawa a komai. Ba ta taɓa yi wa kowa maganar ba sai ni."

"Ni ai ina ci."

"Na faɗa mata. Ta ce su ma haka suka ce." Ya dube ni, yana ƙoƙarin yin wasa. "Jemi, loma ɗaya fa. Ba jarrabawar digiri ba ce. Ki rufe ido ki ɗauka magani ne."

Asabar ta gaba na tafi da niyya. Tun daga PZ nake haɗiyar yawu ina gwadawa. Ensaymada ta yi. Na miƙa hannu na ɗauka, na ji laushinta, sukari ya manne mini a yatsu. Kevin ya daina tauna. Mama Lucia ta ajiye kofinta. Na ɗaga har kusa da leɓena, sai na ji idanunta a kan bakina, na ji yadda haƙorana za su yi ƙara a ɗakin da ya yi tsit, yadda za ta ga cikin bakina. Na mayar da ita kan farantin, a hankali, daidai inda na ɗauke ta.

Gara a ce ban taɓa ba.

Da zan tafi ta naɗe ta kamar kullum, ta miƙo ba tare da ta dube ni ba. "Ga shi, Malama. Ki gaishe mini da kajin gidanku."

Na yi kuka a bayan shagon Anti Oby, ina ci ina kuka, sukari da hawaye suna haɗuwa. Ta zauna a kan buhu ta saurara har na gama.

"Kaji ta ce?"

"Kaji."

"To," ta ce, ta miƙe ta kakkaɓe zanenta. Ba ta ƙara komai ba, abin da ba halinta ba ne.

A gida na gaya wa Goggo cewa an ɗage zuwan Baba Sati, na gaya mata dalili. Tana tsince shinkafa, ba ta ɗago ba. "To ta riƙe ɗanta ta jiƙa ta sha. Mu ba mu haifi 'yar da za ta sayi miji da baki ba." Can kuma ta ce, "Fentin ma bai yi kyau ba."

Duk da haka na koma. Ban san wani wurin da zan je ranar Asabar ba. Mama Lucia ta amsa gaisuwata a taƙaice, ta bar ni na yi shara, ba ta kira ni ciki ba, babu labarin gari. Ƙunshin dai yana kan akwatin gilashi yana jirana. Na ɗauka na tafi da wuri.

Piaya ce. Na zauna a bencin bayan shagon Anti Oby, rana ta fito bayan ruwan safe, tururi yana tashi daga kwanon rufi. Na gutsura, mazarƙwailar ta gangaro mini a tafin hannu, na lashe. Na rufe ido. Raken nan ya tashi a gabana, kore, yana kaɗawa, hanya ta ratsa tsakiyarsa. Ga wata 'yar budurwa da dogon mutum suna tafiya da akwati ɗaya, yana ci yana ba ta dariya. Na bi su a baya har ƙarshen gonar, inda ƙasa ta ƙare haske ya fara. Na cinye duka. Na buɗe takardar na bi lungunanta da yatsa ina tsince riɗi, sannan na ɗaga ta na lashi inda zaƙin ya manne.

Da na sauke takardar, abin da na fara gani 'yan ƙafafu ne cikin silifas.

"Madam, ga kazar taki nan," in ji Anti Oby. "Kowace Asabar nan take kiwo. Ko tsaba ɗaya ba ta taɓa rage mini ba, mai baƙar rowa."

Ban san tun yaushe suke tsaye ba. Mama Lucia tana riƙe da lema da jakar kasuwa. Idonta yana kan bakina, na san akwai baƙin zaƙi har haɓata. Na ɗaga takardar na rufe fuskata da ita.

Ta cikin takardar ina jin ƙarar babura a titi da wani yana kiran mai ruwa.

"Idonta a rufe take ci?" Muryar Mama Lucia ce, ƙasa-ƙasa.

"Kullum. Wani lokaci har magana take yi ita kaɗai. Na ɗauka aljanu ne."

Na ji silifas ɗin sun juya. Na ji su a gaban shago suna maganar buhun fulawa da wanda zai kai mata shi Samaru. Ba ta dawo bayan ba. Ni kuma na bi ta lungu na sulale gida.

Na tabbata komai ya ƙare. Wadda ta ƙi ci a kan tebur kamar mutum, an kama ta a bayan buhu tana lasar takarda. Da yamma na zauna kusa da Goggo na faɗa mata, don na gaji da riƙewa.

"Ta gan ki kina ci?"

"Ta gani."

"Da yawa?"

"Har takardar, Goggo."

Na jira faɗa. Sai na ga kafaɗunta suna rawa. Ta yi dariya har ta share ido da gefen zane. "Kin kashe mu, 'yar nan. Kin gama da gidanmu." Da ta lafa ta daɗe tana kallon murhu. "Ke kina tsammani da iska na rayu a gidan mijina? Inna surukata, Allah ya ji ƙanta, da ta ajiye mini tuwo sai ta tuna tana da barka a maƙwabta. Kullum. Unguwar nan ba a taɓa haihuwa irin ta shekarun nan ba. Idan za ta dawo kuma tun daga zaure take tari." Ta tura itace cikin wuta. "Kunya aikin mutum biyu ce. Ita baƙuwar taku babu wanda ya gaya mata nata rabon."

Ranar Alhamis na dawo daga makaranta na tarar Goggo ta sa mayafinta na zuwa coci. Ta ce PZ za ta je sayen yis. Tunda nake ban taɓa ganin ta gasa ko ƙosai da yis ba. Ban tambaya ba.

Ranar Juma'a saƙon Kevin ya shigo wayata: Mama ta ce ki zo gobe da hantsi.

Na tarar shagon a rufe, abin da bai taɓa faruwa ranar Asabar ba. Na bi ta ƙofar gefe. Ana yayyafi. A ƙarƙashin rumfar tsakar gida Mama Lucia tana zaune kan 'yar kujera, gabanta ƙaramin kasko a kan garwashi. Ta shimfiɗa ganyen ayaba a cikin kaskon, ta zuba ƙullun shinkafa mai ruwan kwakwa, kamar na waina amma ya fi kauri, sannan ta rufe da faifan ƙarfe, ta ɗibi garwashi ta zuba a kai. Wuta a ƙasa, wuta a sama. Kevin yana tsugune yana fifita.

Na durƙusa na gaishe ta. Ta amsa tana kallon wutar.

"Wannan bibingka ce," ta ce. "Ba ta cikin tafiyar da muka yi. Ta garinmu ce. Lokacin Kirsimeti ake yi, a ƙofar coci, mutane su fito daga sujada su saya da zafinta."

"Mama, yanzu fa Satumba muke," in ji Kevin.

"A wajenmu Kirsimeti tun Satumba yake farawa. Fifita, kai dai, bakinka ya fi hannunka aiki."

Ƙanshin ƙonannen ganyen ayaba ya cika rumfar, ya haɗu da na jiƙaƙƙiyar ƙasa. Hayaƙin yana fita ya shiga cikin yayyafi ya ɓace. Na zauna a bakin dakali ina kallon garwashin yana ja yana dushewa da kowace kaɗawar mafici, har na rasa ko a Samaru nake ko a ƙofar wancan cocin.

Ta ɗaga faifan. Saman ya yi ja-ja, gefen ganyen ya ƙone. Ta shafa bota, ta barbaɗa kankararriyar kwakwa, ta ɗora a faranti, ta shige ɗakin ciki. Muka bi ta. Faranti ɗaya ne a kan teburin, kujera ɗaya aka ja baya.

Kevin ya miƙa hannu, ta buge shi. "Ba taka ba ce. Tashi ka je ka sayo katin waya. Babba za ka sayo, kiran Zonkwa cin kati yake, kuma ka san Sati ba ya gajarta magana."

Ya dube ta, ya dube ni. Ya buɗe baki zai yi magana, ta nuna masa ƙofa da haɓa. Na ji ƙarar baburinsa ta yi nisa.

Muka rage mu biyu da hoton da ke bango. Na zauna. Tururi yana tashi daga farantin yana taɓa fuskata. Na ce a raina yau ko zan mutu sai na ci. Na gutsuri gefe, zafin ya ƙona mini yatsa, na ɗaga. Na riƙe lomar a iska, idona ya cika, ban iya kai ta ba, ban kuma yarda in mayar ba.

Mama Lucia ta zagayo bayana. Na ji ƙanshin hayaƙi da bota a jikinta. Ta kama ɗaya hannun nawa, tafinta da ɗumi da kaushi, ta ɗora shi a gefen farantin. Ta danna yatsuna a hankali, muka juya farantin tare a kan teburin, zagaye guda, har inda na gutsura ya dawo gabana.

Ta sake ni. Ta ɗauki lemarta a bayan ƙofa, ta zura silifas, ta ja labule ya rufe. Ina jin takunta a tsakar gida, cikin yayyafi, har ƙofar gefe ta buɗe ta rufe.